Rediyon Mai Albasa na Danwarai

A shekarun farko da aka ba mu jiharmu ta Kebbi, ina da rumfar gyaran rediyo a Sabon Garin Jega, tsakanin wani tela da mai faci. Ba zan ɓoye ba, a lokacin kaina ya fi rumfar girma. Sababbin rediyo masu lamba sun fara shigowa, waɗanda ba a murɗa musu allura, sai dai ka danna maɓalli lamba ta fito a gilashi, kuma duk layinmu ni kaɗai nake buɗe cikinsu ba tare da gabana ya faɗi ba. Sauran masu gyara da sun ga irinsa sai su turo mini, ni kuwa in ƙara gyara zama.

Abin da ke riƙe tasha a irin wannan rediyo ba wani sihiri ba ne. Abu biyu ne ke bugawa a ciki, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Ɗaya ɗan ƙaramin dutse ne da bugunsa ba ya sauyawa. Ɗayan kuma kwayil ne, wato nannaɗaɗɗiyar waya cikin ɗan gwangwani, wanda dole ya bi bugun dutsen sau da ƙafa. In ya bi, mu ce ya kama, magana ta fito tas. In ya kauce, ya saki ke nan, sai ka ji shuuu. Maigidana da ya koya mini aiki a Maiyama ya nuna mini yadda ake saita shi. Ka bar rediyon ya ɗauki zafi tukuna, ka sa tsinken roba ka juya baƙar ƙwayar da ke cikin kwayil ɗin zuwa hagu har ya saki, ka dawo dama har ya sake saki, sannan ka ajiye ta a tsakiya ka ɗiga mata kakin kyandir. Na san wannan kamar yunwar cikina.

Wata ranar kasuwa da sassafe, cikin bazara, wani dattijo ya sauko daga motar Aliero da rediyo naɗe cikin tsohon rawani. Warin albasa ya riga shi sallama.

"Ɗana, kai aka ce ka iya da irin wanga?"

"Ni na, Baba. Mi yas same shi?"

"Shina magana shi yi shiru, shina magana shi yi shiru, awa mai kunyar surukai."

Ya zauna a benci ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Manomi ne daga Danwarai, rediyon kuwa ɗansa mai kai albasa Kudu ne ya kawo masa. Bana uwargidansa ta tafi aikin Hajji. A wancan zamani babu waya a ƙauye, in naka ya tafi Makka ba ka da labarinsa sai ta shirin da gidan rediyo ke sawa bayan azahar, inda alhazai ke gaida mutanen gida da bakinsu. Shi kuma yana wuni shi kaɗai a rumfunan ajiyar albasarsa can bakin fadama, nesa da gari, yana juya ta yana tsince mai ruɓewa, ba shi da wani rediyon da zai leƙa ya ji.

"Tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa wuce Jega ba," in ji shi. "Muryatta kaɗai nika son ji, in san tana lahiya."

Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne. Rumfa ta cika da mutane, wannan na miƙo kaset, wancan na cewa motarsu za ta tashi. Na buɗe rediyon dattijo, na sa tsinke na juya kaɗan, sai ga magana ta fito garau. Ban bar shi ya yi zafi ba, ban je hagu ba balle dama. Inda ya kama nan na ɗiga kaki na rufe. Ya yi ta sa mini albarka har ya shiga mota, ni kuwa ina karɓa hannu bibbiyu kamar na cancanta.

Bayan kwana uku, da rana tsaka, ina gwada wani rediyo a rumfa sai aka sa shirin alhazan. Yawancin gaisuwar iri ɗaya ce, a gaida wane da wane, a ce ana lafiya. Can sai wata tsohuwa ta ce ita daga Danwarai take. Muryarta na rawa, ta ce:

"Ina gaida maigidana, shina can wajen albasa. A ce mai na ga Ka'aba, kuma shi niy yi ma addu'a kahin ɗiyana. Tun da nis shiga gidanai bai taɓa sa ni kuka ba. Ban taɓa samun bakin hwaɗa mai ba, yau na hwaɗi. Shi yahe mani."

Tela maƙwabcina ya tsayar da kekensa ya fashe da dariya. "Lallai Makka ta cire ma tsohuwa kunya!"

Na buga ƙirji na ce masa ai na san mijin, kuma yanzu haka yana can yana ji da aikin hannuna. Har da ƙarawa na yi cewa a duk Jega babu mai iya wannan sai ni.

Washegari da hantsi sai ga dattijon da rawaninsa a hammata. Tun daga yadda yake takowa na san ba lafiya ba. Ya ajiye rediyon a kan tebur a hankali, ya ce da safe lafiya lau yake magana, amma da rana ta take sai ya ɗauke. Jiya yana zaune ya ji an fara shirin, an gaida mutum biyu, sai shuuu. Ya girgiza shi, ya sake batir, ya rufe shi da rigarsa, a banza. Da yamma ya shiga gari ya tarar kowa na masa murmushi, mata na leƙe ta katanga, tsaransa na tsokanarsa da ango. Kowa ya ji, ban da shi. Wanda ya tambaya sai ya ba shi guntu ya haɗa da dariya, wani ma ya ƙara nasa gishiri.

Ban yi musu ba, don babu abin musu. Na kai rediyon rana na ajiye a kan kwanon rumfa, kafin a sha kofin shayi ya saki. Ashe ran nan a can bakin gaɓa na bar ƙwayar, inda sanyin safiya ya rufa mini asiri, zafi kuwa ya tona. Na kankare kakin, na je hagu, na dawo dama, na ajiye a tsakiya, na gwada tashar farko da ta ƙarshe, na sake mayar da shi rana. Aikin duka bai kai tsawon sallar azahar da lazimi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Na ce, "Baba, laihina na. Gaugawa niy yi. Ka yahe mani."

"Allah shi yahe muna baki ɗai," in ji shi. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Na ce watakila su maimaita shirin, ko kuma in Hajiya ta dawo ta faɗa masa da bakinta. Ya yi ɗan murmushi ya girgiza kai.

"Ba ka san ta ba, ɗana. Ko sunana ba ta taɓa kira ba. Nisa as sa tah hwaɗi. In ta dawo, ko yanka ta za a yi ba ta sakewa."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rawanin. Can ya ɗago ya tambaye ni ko ni ma na ji. Na ce na ji, tun daga farko har ƙarshe.

"To hwaɗa mani yadda tac ce. Kak ka ƙara, kak ka rage, kuma don Allah kak ka yi dariya."

Tela ya tsayar da kekensa ya kasa kunne. Na sauko daga kujerata na durƙusa gaban bencin, na faɗa masa maganar matarsa da wannan ƙatuwar muryar tawa, kalma bayan kalma. Idonsa a rufe yake. Da na kai wurin da ta ce bai taɓa sa ta kuka ba, sai na ga gemunsa na rawa, ni ma da ƙyar na ƙarasa.

Bai buɗe ido ba ya ce, "Sake hwaɗi, ɗana. Sannu sannu."