Facin da Na Hana a Sake Aikawa

Shekara hamsin ina saƙar tabarma a Matankari, ba a taɓa maido mini da ko ɗaya ba. Na fara da wannan don ku san irin bakin da ya yi magana a ranar.

Jikata, ɗiyar ɗana, ta gama karatun lakkwal a Yamai ta dawo gida da ordinatar, wato kwamfuta, bayan girbi. Kullum da hantsi tana gindin itacen bedi, inda rezon intanet ya fi kamawa, ni kuma ina gefe da kabata. Ta ce cikin na'urar akwai wani dogon rubutu da ke tafiyar da ita, mutanen duniya suka yi gayya suka gina shi. Kowa na iya kawo faci, wato ɗan gyara a rubutun, amma sai manyan gayyar sun duba sun karɓa. An kuma buɗe wani koyon aiki, ba a ɗaukar kowa sai wadda aka karɓi facinta kafin ƙarshen wata. Shi take nema.

Facinta na masu farawa ne, ba ya sauya aikin na'ura. Layin da ya yi tsawo ta karya shi, wanda ya kauce ta maido shi jeri.

Na ce, "Ashe datse bakin tabarma kike yi."

Ta yi dariya. "Kaka, ke ma kin iya."

"Na iya tun ubanki bai san hanyar rijiya ba."

Gyara iri-iri ta tara, tana shirin aika su ɗaya-ɗaya. Ni na hana. Wa ke kai ma babba gero tsinke-tsinke? Na ce ta ɗaure su dami guda, a ga ƙoƙarinta. Ta bi maganata.

Kwana uku amsa ta zo, ta fassara mini. Ba sallama, ba ina gajiya. Wai faci ɗaya, gyara ɗaya, don ba mai iya duba dami. Wai bayaninta ya faɗi abin da ta yi, bai faɗi dalili ba. Wai ta rarraba ta sake aikowa.

Na ce, "Shi ke nan? Ko sannu babu?"

"Haka suke, Kaka. Kowa sai an maido mishi. Na biyu ake aikawa, wani har na biyar."

Raina ya ɓaci. Na ce jinina ba ya komawa ƙofar da aka kore shi ba gaisuwa. In mai amsar mutumin kirki ne, shi zai nemo ta. Ta ce, "Kaka, mutum ɗaya ne, saƙonni sun yi mishi yawa, bai ma san ni ba." Na ce to ya sani. Har na rantse in ta sake aikawa ba ni cin tuwon gidan.

Ni na raine ta tun rasuwar uwarta. Ta rufe ordinatar.

Ba wanda ya nemo ta. Sati biyu sai ga wani daga wata ƙasa ya aika gyaran nan nata, guntu-guntu. Aka maido mishi sau biyu, ya sake, aka karɓa da sunanshi a jiki. Ta nuna mini wurin da yatsa, ni da ba na karatu. Watan kuwa ya ƙare.

Sai a daren jiya na tuna cewa uwata ta sha warware mini saƙa tun ina ƙarama, ba ta cewa komai, ta miƙo mini kabar. Shi ya sa kasuwa ba ta taɓa maido mini ba. Na manta da wannan sarai a gindin bedi.

Yanzu tana Yamai tana buga ma mutane takardu a wani shago. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ma ta yi. Da ta zo Sallah ta kawo mini atamfa da sukari. Ba ta zo da ordinatar ba, ni kuma ban tambaya ba.