Shirun da Sule Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sule, wanda duk Zongon Kumasi ta sani da Mai Tsit. Abin da ya tayar mini da zancensa wani bidiyo ne da jikata ta nuna mini a waya. Gidan rawa ne a ƙasar Turawa, mutane maƙil ba masaka tsinke, kiɗa na tashi, sai DJ ya kashe shi ɗif, kowa ya ɗaga hannu sama ya lumshe ido. Wai sunan salon shirun Zongo. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba zan rantse cewa duk hawayen na dariya ba ne.

Mahaifinmu malami ne mai karantarwa a zaure. Sule kuwa tun yana ɗan mitsitsi ba abin da ya sani sai kwance rediyon mutane. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Da ya tasa sai ya haɗa sifikoki da hannunsa, katakon ma wajen wani kafinta a Dichemso ya samo, ya shiga yin kiɗa a wuraren aure da suna. Wanda bai san Zongo ba, bari in gaya masa: mu ba mu da gidan rawa. Titi muke tarewa, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, mata su ci ado, a cashe da rana tsaka, mai tasi ya nemi wata hanya. A nan Sule ya koyi ɗora gangar Dagomba a kan ta Asante, ya zuba musu kalangu, sannan ya shimfiɗa wani gurnanin inji a ƙasa wanda ke sa murfin tukunya rawa a gida na uku.

Baba bai so ba. A gidan malamai a ce ɗanka makaɗi ne, magana ce mai nauyi. Ya kira Sule zaure, ina zaune, ya ce: "Ban hana ka neman abincinka ba. Amma ranar da kiɗanka ya hau kan kiran salla, ko sau ɗaya, ka nemi wani uban." Baba ba ya maimaita magana, kuma Sule ya san haka.

Daga ranar Sule ya raba kunnuwansa, ɗaya wajen kiɗa, ɗaya wajen masallaci. Ko amarya na tsakiyar fili ana mata liƙi, ladan na buɗe baki zai murɗe komai. Tsit. Mata su tsaya da ƙafa ɗaya a sama, su bi shi da baƙar magana, shi ko a jikinsa, ya ɗauki buta ya wuce. Sai an idar ya dawo ya sako kiɗan gaba ɗaya, mutanen da suka huta kuma su afka fili kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Haka ya samo sunan. Shagonsa yana jikin bangon zauren Baba, kullum bayan azahar a nan yake gwada sifikoki, kuma a nan ma dokar ɗaya ce. Duk da haka ban taɓa jin Baba ya sa wa sana'ar albarka ba. Sule ya gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Wannan abu ya ci wa ƙanena rai ƙwarai, ko da yake da wasa da dariya yake rufe shi.

Ana nan sai ga wani Bature ya faɗo unguwa, da gajeren wando a yage da silifas, har yara suka laƙaba masa Mai Gajeren Wando. Wai kiɗan ainihi yake nema, wanda ba a gurɓata ba. Aka kai shi wani aure. La'asar na yi Sule ya kashe kiɗa, Bature ya dafe ƙirji kamar zai faɗi. Bayan taro ya kama hannun Sule yana ta bayani da Turanci, wai wannan shiru kukan talakawa ne, wai bore ne ga hayaniyar duniya. Sule ya ce masa: "Massa, salla ne." Bature ya gyaɗa kai a hankali, ya ce lallai abin ya fi zurfin da ya zata. Baƙo makaho ne ko da idonsa, amma in faɗi gaskiya wannan makahon ba shi da mugunta, kuma yana cin tuwon zafi da hannu har ya suɗe.

Rigima ta tashi ne ranar da Bature zai ɗauki Sule hoto da bidiyo don nunawa a ƙasarsu. Sule ya ɗinka sabuwar shadda, ya kafa hula, ya fesa turaren da sai da na yi atishawa. Bature na ganinsa fuskarsa ta canza. Wai ina singiletin nan mai huji da yake aiki da ita? Kuma a tsaya bakin kwata, ta fi ba da ma'ana. Na fito daga kicin da muciya a hannu. Kwatar da muka gaji da roƙon a gyara mana, ita ce abin nuna wa duniya? Sule ya tare ni yana dariya: "Yaya, bari shi. Shi talauci ne ya zo gani, mu ne mun gaji da ganinshi." Da singileti aka ɗauki hoton, kuma har yau ban huce ba.

Da sunan Sule ya fita waje ya dawo, sai 'ya'yan masu kuɗin garin nan suka gano shi. Waɗanda in za su ratsa Zongo sai sun ɗaga gilashin mota, su ne yanzu masu cewa tun da can suna sonsa. Miyar gidanmu ce, amma sai da baƙo ya ce ta yi daɗi suka nemi cokali. Wani daga cikinsu, wanda ya yi karatu a waje, ya shirya casu da yamma a bakin wurin ninƙaya na wani otal, ya gayyaci Sule. Na ce ƙafata ƙafarsa.

A ƙofa mai gadi ya ƙame wa Mai Gajeren Wando ya wuce da silifas ɗinsa. Da ya zo kan Sule da shaddarsa sai ya miƙa hannu, wai direbobi a waje suke jira. Ga hoton Sule ƙato a bango bayan kan mai gadin. Na nuna masa. Ya dubi hoto, ya dubi Sule, ya ce wancan ai mai singileti ne. Sai da mai casun ya fito da kansa aka bar mu. Muna shiga na ga ikon Allah: samari 'yan gata rututu, kowa da singileti mai huji, hujin ma an yanka shi da almakashi daidai wa daida.

Mai casun ya ja Sule gefe ya ce in ya ɗaga masa hannu sai ya yi shirun, don masu kyamara su shirya. Sule ya ce: "Chale, abokina, ba ni ke kashewa ba, lokaci ne ke kashewa." Yaron ya ɗauka irin maganar masu fasaha ce, ya yi murmushi. Kiɗa ya yi kiɗa, ya ɗaga hannu, Sule bai kashe ba. Ya sake ɗagawa, ya yi tsalle, ya kaɗa hankici, a banza. Sai da ya haƙura ya juya yana gaisawa da wani babban baƙo, na ga Sule ya karkata kai. Can bayan katangar otal akwai ɗan masallacin masu wankin mota, kuma a duk taron nan kunne ɗaya ne ya ji ladan. Tsit.

Kowa ya ɗaga hannu sama ya rufe ido, kamar yadda suka gani a bidiyon Bature. Sule ya sauko, ya naɗe hannun riga, ya nemi buta bai samu ba, ya ɗauki gorar ruwa daga teburin manya ya fice. Su kuwa suna nan tsaye. Hannuwa suka fara rawa, amma ba mai son ya riga saukewa a ce bai fahimci fasaha ba. Wata yarinya ta tallafe gwiwar hannunta da ɗayan. Ni ina kan kujera na toshe baki da mayafi ina dariya har cikina ya ƙulle. Da ya dawo ya sako kiɗan, ihun da suka yi na tabbata rabinsa na samun sauƙin kafaɗa ne. Daga baya mai casun ya ce abin ya yi kyau, amma nan gaba a rage tsawon shirun. Sule ya ce magariba raka'a uku ce, bai san yadda ake rage ta ba. Ba su sake gayyatarsa ba.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga bidiyon nan na jikata. Ba zai yi fushi ba, ni ce mai fushin gidanmu. Na san zai kalla har ƙarshe, ya sosa ƙeya, ya ce: "To wa ya kira salla?" Yaran da ke kiɗa a Zongo yau da kwamfuta suke yi, sifikokinsa na katako sun zama wurin zaman masu shan shayi, amma duk mai kiɗan da ya kuskura ya hau kan ladan, tsofaffin mata za su tuna masa da Mai Tsit.

Ciwo ne na ɗan lokaci ya ɗauke shi, a asibiti can Bantama. Baba yana da rai a lokacin, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. Ranar sadakar uku aka kira la'asar, masu gaisuwa suka miƙe, Baba yana zaune a inda ya saba, bayansa jingine da bangon shagon Sule. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce: "Baba, an kira salla."

Ya dube ni ya ce: "Ban ji ya tsaya ba."

Sai a ranar na sani. Ashe ya daɗe ba ya jin ladan, bai gaya wa kowa ba. Gurnanin sifikokin nan da ya ƙi jini yake ji a bayansa ta cikin bango, in ya ɗauke sai ya ɗauki buta. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce: "Bai taɓa makarar da ni ba. Allah ya yi masa albarka."

Abin da Sule ya yi ta jira ke nan tun yana saurayi, kuma ni aka bari na ji masa. Allah ya ji ƙansu su biyun, ya sa tuni Baba ya maimaita masa wannan albarkar baki da baki, ko da yake ba ɗabi'arsa ba ce maimaita magana.