Yashin Kuza a Bangon Ɗakin Jego

A shekarata ta biyu a jami'a malaminmu na kimiyya ya ce ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su suna iya zama a hali biyu lokaci guda, sai an auna su sannan su tsaya a ɗaya. Wasu kuma suna fashewa su fitar da tiriri mai cutarwa wanda ido ba ya gani, kuma babu mai iya cewa yaushe. Ni sarkin rawar kai, na dawo gida unguwarmu ta Ali Kazaure na zazzage wa Baba karatun nan yana kan keken ɗinki. Ko ɗagowa bai yi ba.

Gidanmu da yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza aka shafe shi. Ga laushi, ga shi kyauta, rabin unguwa haka suka yi. Da na ji yashin yakan ɗauki irin ƙwayoyin nan, sai na aro na'urar auna tiririn na zo da ita wata Asabar da hantsi.

A tsakar gida sai ta yi ƙara ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas. Da na kara ta da bangon zaure, sai ta kama ƙara kamar ana soya gugguru. Baba ya bar ɗinki ya biyo ni. Na nufi ɗakin da ƙanwata ke wankan jego da jaririnta ɗan kwana tara, sai ya sha gabana ya tare ƙofa.

"Ba kai ka ce kafin a auna abu yana nan tsakanin e da a'a ba?" in ji shi.

"Baba, wannan a ƙananan ƙwayoyi ne. Bango ya riga ya zama abin da ya zama."

"To in ta ce e, ina zan kai su? Da hannuna na shafe ɗakin nan."

Raina ya ɓaci, ashe duk ya ji karatun, ya ajiye shi sai yau. Amma tsorona ya fi fushina yawa. Na kashe na'urar.

Sai dai kafin yatsana ya kai maɓalli, daga bakin ƙofa, ta riga ta fara sauri fiye da na zaure. Baba ya ji, ni ma na ji. Ƙanwata ta cika arba'in a ɗakin, gadonta jingine da bango, kuma babu wanda ya ce mata komai.