Bargon da Ake Ɗinkawa a Cunkoson Nyanya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma fa mai labarin nan tana nan da ranta a Jikwoyi.

Kullum da sassafe Felicity, wadda unguwa ke kira Maman Divine, takan shiga bas zuwa Garki, inda ta shekara ashirin da shida tana sharar ɗakin haihuwa a wani asibiti. Da mota ta maƙale a cunkoson Nyanya, mutane su hau tsaki, ita sai ta buɗe jaka: allura, zare, ɗan almakashi, da ƙyallayen atamfa da ta yanka daidai da wani guntun kwali. Ta haɗa biyu ta ɗinke da hannu, ta ɗauko na uku. Wata huɗu, bargo ya tashi. Macen da ta haihu ba ta da abin rufa jariri, a cikinsa take fita da ɗanta. Ma'aikatan jinya shaida ne.

Ƙyallayen kuwa daga ƙarƙashin keken maƙwabciyarta Indo suke fitowa, tela ta gaske. Takan zuba mata su a leda ta ce, "Kwashi shara, ke da kika saba." Abin bai taɓa damun Indo ba sai ranar da 'yarta Fiddausi, mai cikin fari, ta ce, "Mama, ki roƙar mini bargo wajen Maman Divine mana."

"Mutuwa na yi? Shekara talatin ina kan keke, sai a rufe jikana da aikin wata?"

"Nata ya fi laushi, Mama."

Ranar Indo ta ɗauko allura da zare. Ta rantse ita ma da hannu za ta yi, kada a ce keke ya taimake ta. Ta dinga yawo da ƙyalle a jaka, kasuwa, gidan biki, ko'ina. A bas ta sha sukar allura. Rannan ma ta haɗa ɗinkinta da gefen rigar wani malami, sai da kwandasta ya tsaya aka farke, yana cewa, "Hajiya, tare za ku sauka ne?" Duk da haka ta gama, kuma wallahi ya yi kyau.

Fiddausi ta sauka lafiya, namiji. Saura kwana huɗu suna Indo ta jiƙa bargon. Ja ya zuba cikin fari, kore ya bi shi, ruwan ya koma kamar zoɓo. Tana tsaye gaban baho Maman Divine ta shigo barka, da Hausarta ta Abuja.

"Maman Fiddausi, ka wanke ƙyallen kafin ka ɗinka?"

"Ina ruwanki?"

"Ni kowanne sai na wanke shi daban, da gishiri, na shanya. Shi ne tsummokin da kake gani a igiyata kana dariya."

Indo ta san akwai bargo ɗinkakke a ɗakin matar nan, ta zuba ido ta ga an ɗauko shi an gama da ita. Ba a ɗauko ba. Maman Divine ta jawo kujera ta zauna, ta farke fararen da suka ɓaci, ta fito da wankakku daga jakarta. Kwana uku tana dawowa daga aiki suna ɗinki, Indo ba ta daina harara ba. Ranar suna mata suka yi ta shafa bargon suna tambayar wa ya yi. Maman Divine ta ce, "Kakarsa mana."

Indo ta koma ɗaki ta ce wa Fiddausi, "Kin gani ko? Har kirkin ma sai ta fi ni."

Ta fi ki, Indo, ta fi mu duka. Maman Divine, ke ce mai rufa 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke ce kika mai da zaman mota lokacin aiki, ba ki tambayi uwa addininta ko garinsu ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma masu tsaki a mota, allura ba ta da nauyi, ku saka ta a jaka.

A watan nan Maman Divine ta yi ritaya, ranar Talata kawai take shiga Garki kai bargo. Yaron, Ameer, ya fara rarrafe. Fiddausi tana koyon ɗinkin hannu. Indo kuwa yanzu sai ta wanke ƙyallayen kafin ta miƙa su, kuma har gobe tana cewa nata ɗinkin ya fi miƙewa.