Tsohon Littafin Mama

Shekara arba'in Mama tana karanta Littafi Mai Tsarki guda ɗaya. Da bangonsa ya ɓalle, ta ɗinke shi da zaren da take mana facin kayan makaranta. Kullum da sassafe takan zauna a kujerar kicin ta yi addu'a, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da Baba da bai cika leƙa coci ba. Duk wanda ya shiga matsala, sai ta rubuta sunansa a gefen ayar da ta karanta dominsa. Shafukan duk tabon mai ne da na hawaye.

Ranar jana'izarta na ɗora littafin a kan tebur a gaban coci, kusa da hotonta. Babban yayanmu, wanda rabonsa da gida shekara shida, ya yatsine fuska.

"Haba ƙanwata, wannan tsumman? Manyan baƙi za su zo, ga masu hoto. So kike a raina mu?"

Ya cusa shi ƙarƙashin benci, ya ajiye sabo fil mai gefen zinariya. Can ya miƙe gaban jama'a yana share ido, ya ɗaga sabon yana cewa Mama ba ta taɓa rabuwa da wannan littafi ba. Littafin da ko buɗe shi ba a taɓa yi ba! 

Na sunkuya na ɗauko tsohon, na kaɗe ƙurar, na buɗe shi a cinyata. Duk shafin da na juya, sunan Yaya ne a gefe.