Kibiyar da ta koma baya

Har yau ranar da na ƙi goge allo tana raina. Shara nake yi a wani asibiti nan Parakou. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: Majo ce shugabar ma'aikatan jinya, ita ke raba mana aiki. Nawa shi ne ɗakin da ɗaliban likita ke karatu. In sun fita ƙarfe goma sha biyu in share, in goge allo.

Ban iya karatu ba, amma ina kallon zane. Shekara biyu ina goge zanen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu rassa kamar saiwar rogo, kibiya kullum daga ta farko zuwa ta biyu. Ran nan sai na ga ta juya baya.

Satin ne ɗana Bashir ya yi jijjiga da zazzaɓi ya kama shi. An ce ya warke, ni dai ko atishawa ya yi sai gabana ya faɗi. Gani nake ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Na tsaya da tsumma a hannu: ko zanen irin ciwonsa ne?

Majo ta leƙo. "Maman Bashir, allon ne ya yi miki kwarjini?"

Likitar da ta yi darasin ta dawo ɗaukar jakarta. Na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, wannan kibiyar ciwo ce?"

Ta ce, "Lafiya ce, ƙanwata. Kin taɓa auna masara?"

"A kasuwar Djougou na girma. Inna na zubawa, ina riƙe buhu."

"In ta yi sauri fa?"

"Sai in ce ta dakata."

"To, haka ne. Ƙwaya ta farko tana zuba saƙo, in ya yi yawa ta biyu ta haɗa wani ɗan sinadari nan take, ta aika baya: sassauta. Aikinsa ya yi kama da na abin da ke cikin wiwi."

Na ce, "Subhanallahi! A cikin kan ɗana?"

Majo ta kwashe da dariya. "Har a naki, Hajiya!"

Likita ta ce na jiki kaɗan ne, wuri ɗaya, ya gama ya ɓace. Na hayaƙin wiwi kuwa ko'ina yake mamayewa. Ta ce yawancin yaran da zazzaɓi ya sa su jijjiga suna girma lafiya lau, amma in kawo shi ta duba.

Da na koma unguwarmu Albarika na tarar Bashir yana wasa da murfin tukunya. Na dafa kansa, ina tunanin masu riƙe buhu da ba su ƙirguwa a ciki, kowace ta san lokacin cewa ya isa, ba ni na koya musu ba.

Ranar Alhamis likitar ta duba shi, ta ce ƙalau yake.

Ku sababbin ma'aikata, ga abin da na koya: a asibiti mai tsumma ma tana iya tambaya, kuma a amsa mata. Allon dai sai da Majo ta yi magana sau biyu kafin na goge, kibiyar kuma ita na goge a ƙarshe.