Tsoho Mai Baƙin Gero

Ran kasuwar Magariya, Tabawa ba ta daɗe da fita takaba ba, wani tsoho ya matsa mata gefen tabarmarsa ta sami inuwa. Ko sunansa ba ta sani ba.

Ga shi zaune, siriri, rigar saƙi ta koɗe, damin gero guda a gabansa. Kowa na rububin gyaɗa don biyan lanho, harajin Nasara, shi kuwa zangarniya yake juyawa a hannu kamar mai duba jinjiri. Ƙwayar baƙa-baƙa ce. Da gani, shi kaɗai ya rage mai shuka ta a ƙauyensu.

"Baba, me ya raba shi da sauran gero?"

"Gona ɗaya, ruwa ɗaya, amma wannan ya fi tsotso ƙarfin ƙasa. Gado ne, haka kakansa yake. Mai jego ta sha kununsa, jini ya dawo mata."

Tabawa ta yi hamdala a zuci, ta ce masa 'yarta Hinda na kwance tun haihuwa, tafin hannu fari fat.

Ya raba damin, ya ba ta rabi, ya ware zangarniya ɗaya.

"Wannan, don Allah, ki shuka nesa da gonar maƙwabta. Gero iska ke ɗaura masa aure, kar ta ɓata mini zuri'a."